Ƙanena Koci da Kogon Fararen Kifaye

Kafin in buɗe shagona, ƙanena ya riga ya share ɗakin horonsa. Haka abin yake yau shekara talatin da ɗaya. Shagona na gyaran keke yana wannan gefen titi, ɗakinsa yana wancan gefen, wani tsohon sito mai dogon rufin kwano da makarantar unguwa ta ba shi aro ta manta ba ta karɓa ba. Ina isowa da makullina a hannu sai in tarar da tagoginsa a buɗe, shi kuma yana jan katifu ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a ƙasa. Ba ya yarda kowa ya jera masa. Idan ya gama sai ya bi duk inda katifa ta haɗu da katifa da tafin ƙafarsa, ya ji ko akwai ramin da yatsan yaro zai faɗa. Daga nan ya kama ƙarfen lilo ya rataye da nauyinsa duka, ya girgiza, ya karkata kai yana sauraro. Ya ce idan ƙusa ta fara kwancewa, kunne ne ke fara sani. Sai ya zuba garin alli a kwano, ya cika tulun ruwa, ya fito bakin ƙofa da kofin shayinsa ya ɗaga mini hannu.

"Yaya, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Kai kam ko tsuntsu ba ya riga ka."

Aikinsa koyar da yara tsalle da alkafura da tsayuwa a kan hannu da tafiya a kan katako mai faɗin tafin hannu. Kowa Koci yake ce masa. Matarsa Koci take cewa, mahaifiyarmu ma kafin ta rasu ta koma cewa Koci. Ƙarshen watan nan zai miƙa makullin ɗakin, domin likita ya ce gwiwoyinsa sun gama aiki, nan da wata huɗu za a yi masa tiyata, bayan haka kuma babu tsalle, babu hawan tudu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, masu ilimi su yi haƙuri da rubutuna.

Kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu, kada wani ya faɗa mini ita a bayan ido: ina ƙyashin ƙanena. Tun muna yara nake yi. Yana ɗan shekara shida ya tashi daga bakin ƙofa ya tafi har bakin rijiya a kan hannuwansa, ƙafafu a sama, mata suna tafi. Ni ina gefe riƙe da wani ƙwaro mai ƙaho biyu da na yini ina nema, babu wanda ya duba. Da ƙarfin mahaifinmu ya gaza ɗaukar karatun mutum biyu, ni aka kai wurin mai faci, shi ya ci gaba. Ban ce an yi kuskure ba. Ina dai faɗin yadda aka yi.

Amma ƙyashi yana sa mutum kallo, kuma babu wanda ya kalli aikin Koci kamar ni. Na san abin da yawancin iyaye ba su lura da shi ba. Idan yaro zai yi alkafurar baya karo na farko, Koci yana sa tafin hannunsa a gadon bayansa. Mako guda hannun yana nan. Mako na biyu sai ya janye shi kamar faɗin yatsu biyu, yaron bai sani ba, yana ganin har yanzu ana riƙe da shi. Yaro zai yi wata guda yana juyawa shi kaɗai, hannun yana bin sa a iska bai taɓa shi ba. Wata rana na tambaye shi me ya sa ba zai sauke hannun ya huta ba tunda yaro ya iya. Ya ce, "Ranar da zai faɗi ba ta sallama, Yaya." Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka saboda wannan tarar hannu.

Wata mai ɗinki a layinmu ta ba ni labarin ɗanta. Yaro ne mai jiki, sauran yara suna ce masa Buhu. Wata uku ya yi bai iya ko mirginawa gaba ba, ranar nan ya ce ya daina zuwa. Koci ya bi shi har gida ya ce yana neman mai ƙarfi da zai tsaya a ƙasa idan yara za su hau kan juna su yi hasumiya, kuma duk ɗakin babu mai irin kafaɗarsa. Shekara biyar Buhu ne gindin hasumiya. Uwar ta ce mini, "Wallahi Baba mai faci, da kansa ya ce a ɗinka masa sunan a bayan riga."

Sai kuma 'yata. Wannan ne wurin da ya fi yi mini ciwo. Tun tana ƙarama ba ta zama wuri ɗaya, kullum tsalle kamar farar dango, shi ya sa muke ce mata Fara. Na so ta zauna a shago ta koyi ɗaure waya a gargaren keke, domin hannunta yana da kyau. Sai ta riƙa tsallaka titi. Ranar da ta zame daga kan katako tana 'yar shekara tara, ina tsaye a bakin taga, baffanta ya cafe ta kafin ta kai ƙasa. Da ta buɗe baki za ta yi kuka, "Baffa" ta kira. Na koma shago na yi ta buga famfo a tayar da ta riga ta cika. Yau Fara tana da aure da 'ya'ya biyu, shekara takwas tana taya shi aiki, kuma ita za a miƙa wa makullin. Ni na haifa, shi ya samu magajiya.

Kai ne, Koci, wanda bai taɓa ɗaga kofi da hannunsa ba, amma kofunan da ke saman kabad ɗin ɗakinka sun fi ƙarfin ƙurar da kake share musu. Kai ne kake tsayawa a bayan hoto har kanka ya yanke. Mai hannu a iska, na ga abin da ka yi, ko da ina gani ina cizon yatsa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tafiyar shekara.

Shekara ashirin da suka wuce ya ƙirƙiro ta. Ya ce yaran da ke juyi a ƙarƙashin kwano ya kamata su ga sama. Idan aka yi dogon hutu sai ya ɗauki manyan ɗalibansa, kamar su goma sha biyar, a hau wata tsohuwar bas, a ɗaure kekuna a samanta, a yi kwana biyar a hanya. Inda titi ya yi kyau kuma babu manyan motoci, sai a sauke kekuna a tuƙa, bas tana bin su a hankali. Direban tun farko mutum ɗaya ne, har yara suka sa masa suna Ba-Sauri. Duk ƙauyen da suka yada zango sai su shimfiɗa katifu a filin makaranta su yi wasa, su koya wa yaran wurin mirginawa. Rana ta ƙarshe kuma a hau wani dutse.

Ni ne mai gyara kekunan. Mako biyu nake yi ina duba birki, ina sa wa sarƙa mai, ina daidaita sirdi da tsawon ƙafar kowane yaro. Ranar tafiya in tsaya a bakin shago in ɗaga hannu. Kullum da abin da ke hana ni: shago, ciwon matata, bikin wani, ko kuma dai babu wanda ya ce in zo, ni kuma ba zan roƙi ƙanena kujera ba. Idan sun dawo sai in karanta tafiyar a jikin tayoyi. Ga jar ƙasa, ga farin yashi mai ƙyalli, ga wata laka mai warin ƙarfe. Ƙayoyin da nake cirewa daga taya ina tara su a kwalabe, kowace shekara da kwalbarta. Akwai wata ƙaya mai lanƙwasa kamar ƙugiya da har yau ban ga bishiyarta ba.

Da la'asar sai Koci ya tsallako ya zauna a kan bencina ya ba ni labarin dutsen. Ya ce can sama akwai kogo, a cikin kogon akwai tafki, a cikin tafkin akwai kifaye farare fat marasa ido. Rufin kogon yana da huda. Idan rana ta zo tsaka daidai, haske yana saukowa ta hudar kamar igiya, ruwan duka ya koma kore, kifayen su taso su kewaye hasken da ba sa gani. Abin ba ya wuce ɗan lokaci, rana na gotawa shi ke nan. Ya ce idan ka sa yatsa a ruwan, kifi yana zuwa ya taɓa shi da baki, sanyi kamar ƙarfe.

Kifi marar ido yana neman haske! Na yi shekaru ina juya wannan a raina. Na zana su da alli a bangon shago. Na yi mafarkinsu ya fi a ƙirga. Wani lokaci ina tsakiyar faci sai in ga tub ɗin tayar da na nutsa a kwanon ruwa ya zama farin kifi, har mai keke ya ce, "Baba, lafiya?" Kuma duk lokacin da Koci ya tashi ya tsallaka titi, sai in bi bayansa da kallo in ce a raina: wannan ma shi aka ba.

Bana da na ji ita ce tafiyarsa ta ƙarshe, na san idan ban ga kogon yanzu ba, ba zan gan shi ba. Na ajiye girman kai na tsallaka titi na ce zan bi su. Koci ya yi dariya har da tafi, ya ce, "Shekara ashirin ina jiran ka faɗa." Fara ce ta ɓata fuska.

"Baba, hawan nan fa ba wasa ba ne."

"Yara 'yan shekara goma sha biyu suna hawa."

"Su suna horo kullum. Kai daga benci sai gida."

"Baffanki da gwiwa biyu a ɗaure zai hau, ni da nawa lafiya lau ba zan hau ba?"

Sai ta ce, "To ka yi mini alkawari ɗaya. Ka zauna a mota har gindin dutsen. Kada ka taɓa keke. Ka adana ƙafarka."

Na ce na ji. A raina kuwa na ce, ga shi nan, ko a nan ma baffanta take karewa, kada in raba shi da kallo.

Kwana huɗu na ga abubuwa. Na ga gada mai rawa idan mota ta hau. Na ga wata bishiya da ta tsiro a cikin wata bishiyar, ganye iri biyu a gindi ɗaya. Na ga kogi da ruwansa ya rabu biyu, ja da baƙi, suna tafiya tare ba su gauraya ba. Na sa Ba-Sauri ya tsaya sau uku don in tsinci duwatsu, har ya ce idan na ƙara ɗaya sai dai a sauke yaro guda. Amma duk ta tagar mota nake kallo, kuma abin da na fi kallo shi ne bayan ƙanena. Fara tana gaba da usur a baki, yara a jere, shi kuma can ƙarshe, gefen duk wanda ya fi kowa rauni a ranar. Ba ya ce wa yaro yi sauri. Hira yake ja masa, ya tambaye shi sunan akuyarsu, ko wa ya fi minshari a ɗakinsu, har tudu ya ƙare yaron bai sani ba. A wani ƙauye, wani magidanci da gemu ya fito daga taro ya yi alkafura a gaban 'ya'yansa, ya ce Koci ne ya koya masa a wannan filin shekara goma sha biyar da suka wuce, a yini ɗaya. Mutane suka yi ta shafa hannun Koci. Ni aka ce mini in matsa in ba da hanya.

Safiyar rana ta biyar aka sauke kekuna don tafiyar ƙarshe zuwa gindin dutse. Akwai keke guda na ko-ta-kwana. Na tsaya ina kallon sa. Ni na ɗaura masa kowace waya. Na ce a sauke mini shi.

Ba-Sauri ya leƙo ta taga. "Baba mai faci, shekara hamsin kana ɗora mutane a kan keke, yau za mu ga mai kayan a kai?"

Fara ta ce, "Baba, alkawari fa."

"Ke, ni na koya wa baffanki hawan keke."

Gaskiya ne, ni na koya masa. Abin da ban faɗa ba shi ne, tun da na buɗe shago tuƙina bai taɓa wuce daga bakin ƙofa zuwa kwanar layi in dawo ba, don in ji ko birki ya kama. Na san ciwon kowane keke, ban san abin da keke ke yi wa cinya ba. Rabin sa'a na farko na ji kamar an mayar mini da ƙuruciya, iska tana shiga rigata, har na wuce yara biyu ina buga musu ƙararrawa. Sai hanya ta fara hawa. Ban san lokacin da kowa ya wuce ni ba. Na ji keke ɗaya a gefena, da murya tana cewa, "Yaya, wai ƙwaron nan mai ƙaho biyu da ka taɓa kamawa, ina ka kai shi?" Na gane abin da yake yi mini. Na ƙi amsawa, na ƙi kuma sauka in shiga mota. Da muka isa gindin dutsen, ƙafafuna suna rawa kamar gadar nan.

Aka bar Ba-Sauri gadin mota da kekuna, muka kama hawa. Dole a isa kafin rana ta zo tsaka. Ban yi nisa ba na koma ƙarshen layi. Na hango Fara ta sauko wurin baffanta suna magana ƙasa-ƙasa, tana nuna sama, yana girgiza kai. Na ji ta ce, "Haka muka shirya, Baffa, kai gaba ni baya." Ya ce, "Wancan shirin na yara ne. Wannan yayana ne. Wuce, rana ba ta jira." Ta dube ni, idonta ya cika da ruwa, ta juya ta hau. Na ɗauka kunyata take ji.

Koci ya ce mu yi taki goma mu huta. Muka yi. Sai taki biyar. Ina jin tafin hannunsa a bayana, ban sani ba ko yana taɓa ni ko a iska yake. Wajen rabin dutsen, a gindin wani falalen dutse mai inuwa, jijiyar ƙafata ta dama ta ɗaure tamau, na zube. Ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa da likita ya hana shi durƙusawa, ya ɗora ƙafata a cinyarsa yana murzawa. Muryoyin yara suka yi nisa har suka ɓace.

Na ce, "Daga nan saura yaya?"

Ya ɗaga kai ya dubi hanyar. "Sun ce bayan wancan dutsen mai tsaga ana juyawa hagu."

"Sun ce? Su wa?"

Ya ci gaba da murza ƙafar. Can ya ce, "Yara."

"Kai fa?"

"Ni iyakata nan, Yaya. Wannan inuwar. Wani lokaci ƙasa da nan."

Na janye ƙafata. Na ce ya daina yi mini wasa. Ya zauna ya jingina da dutse ya ba ni lissafin kamar mai faɗin abin da ya ci da safe. Shekarar farko wata yarinya numfashinta ya sarƙe. Ta biyu wani ya gurɗe. Wata shekara Buhu ne. Wata shekara Fara ce, tana 'yar sha biyu, ta leƙa ƙasa jiri ya kama ta, suka zauna a nan yana koya mata wasan tsakuwa har aka sauko. Kowace tafiya sai an samu mutum ɗaya, domin rana ta biyar ce, kowa ya gaji. Sau uku ne kawai babu wanda ya gaza, a waɗannan shekarun kuma ya ce Ba-Sauri ya hau, shi ya zauna gadin kekuna, tunda mutumin ya tuƙo su kwana biyar. Kowane yaro yana ɗauka a shekararsa kaɗai Koci ya rasa. Fara ce ta gano da ta fara taya shi aiki, ta rantse bana sai ya gani.

"To koren ruwan? Kifin da ke taɓa yatsa?"

"Yara suna ba ni labari a hanyar dawowa. Ranar farko da na zauna a bencinka na fara faɗa, na ga yadda idonka ya yi, sai na kasa ce maka ban gani ba. Ka yafe mini wannan."

Na dubi inuwar falalen. Ta kusa shigewa ƙarƙashinsa. Na ce, "Tashi ka hau. Idan ka yi sauri za ka samu."

"In bar ka da wa?"

"Da Allah. Ni ba yaro ba ne."

"Ga shi kuwa ka hau keke don a gan ka."

"Ni yayanka ne, na ce ka tashi!"

"A gida kai ne Yaya. A kan dutsen nan ni ne Koci, kuma ban taɓa barin na baya ba. Miƙo ƙafar."

Na zage shi. Na ce masa mai taurin kai, na ce tun yana yaro haka yake, komai sai ya nuna ya fi ni, har haƙuri ma. Na yunƙura na miƙe don in nuna masa zan iya, na yi taki uku, ƙafar ta sake ɗaurewa, ya tare ni kafin in kai ƙasa. Muka zauna. Muna kallo inuwa ta shige, ta tsaya, sannan ta fara leƙowa ta ɗaya gefen. Ya ɓare lemo ya ba ni rabi.

Da yara suka sauko, da gudu suka zo suka kewaye shi, kowa yana so shi ya fara faɗa. Ya riƙa tambayarsu ɗaya bayan ɗaya. Kifi nawa ka gani? Koren irin na ganye ne ko irin na kwalba? Da ya taɓa ki, me kika ji? Wata ta ce, "Sanyi, Koci, kamar cokali." Ya lumshe ido ya ce, "Kamar cokali." Na leƙa fuskarsa ina neman baƙin ciki, ko ɗan kaɗan, don in samu abin da zan ba shi haƙuri a kai. Ban samu ba. Murna yake yi tsakaninsa da Allah. Ni da na rasa kogon sau ɗaya ina ji kamar in yi ihu, shi da ya rasa sau ashirin yana dariya. Har wannan zuciyar na yi masa ƙyashinta.

Fara ba ta yi mini magana ba sai da muka kusa gida. Abin da ta ce kawai shi ne, "Baba, da ka zauna a mota."

Koci, na gode. Na gode da 'yata da ka cafe, na gode da ƙafata da ka murza, na gode har da ƙaryar da ka yi mini shekara goma sha tara, domin da ita na yi mafarkai masu kyau. Kai ne ka kai ɗaruruwan yara bakin abin mamaki ka tsaya a waje. Allah ya saka maka, ya sa a yi tiyatar nan a sa'a. Duk mai jan mutane, malami ne ko shugaban ma'aikata ko uba a gidansa, ya riƙa waiwayawa ya ga wa ke baya, kuma wa ke tare da shi. Gaba ba ta rasa masu so.

Saura magana ɗaya, kuma saboda ita na yi wannan rubutun. Ku da ya zauna da ku a wannan inuwar, ku goma sha shida ne, ni ne na sha bakwai. Yanzu kun girma, wasunku suna da motoci, wasunku suna da kafaɗu. Buhu, da kai nake. Wata huɗu suka rage kafin likita ya rufe wannan ƙofar. Ba-Sauri ya ce motarsa tana nan, Fara ta ce ranar da kuka sa ita ce rana. Kada a ɗauki yaro ko ɗaya, kada a ɗauki duk wanda zai iya gazawa, don kada mutumin nan ya samu dalilin tsayawa. Ku sa shi a gaba. Idan gwiwa ta ƙi, ku ɗauke shi.

Ni zan bi ku har gindin dutsen, a cikin mota, in zauna gadin kaya. Ku same ni a shago, ƙofa a buɗe take.